Buhun Dawa da Zinare: Yadda Yaƙin Sudan Ke Juya Akalar Agaji

Adre ƙaramin gari ne a gabashin Chadi, a daidai bakin iyaka da Sudan. Tsakaninsa da El Geneina, babban birnin Darfur ta Yamma, tafiyar kimanin kilomita 30 ce. Duk mai son shigar da abinci Darfur a manyan motoci ba shi da hanyar da ta fi wannan sauƙi. A watan Fabrairun 2024 gwamnatin sojan Sudan ta haramta shigar da kayan agaji ta wannan ƙofa, bisa hujjar cewa ta nan ake kawo wa abokan gabarta, dakarun kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF, makamai. Alhali a lokacin sojan gwamnati ba ya riƙe da wurin. RSF ce ke iko da ɓangaren Sudan na iyakar tun bayan da ta mamaye El Geneina. Mai safarar bindiga da man fetur dama bai taɓa neman takardar kowa ba, don haka haramcin bai rage shi da komai ba. Motocin Majalisar Ɗinkin Duniya masu ɗauke da dawa da man girki su ne suka ja birki.

Wata shida ƙofar tana rufe. An ce su bi ta Tine, can arewa, to amma da damina ta kankama sai koramu suka kawo, tireloli suka kafe a laka. Ranar 1 ga Agustan 2024 kwamitin ƙwararrun da ake dogaro da shi wajen auna yunwa a duniya ya tabbatar cewa sansanin Zamzam, kudu da El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa, inda mutane kusan rabin miliyan ke fakewa, ya faɗa matakin ƙarshe. Bayan mako biyu sojoji suka ce sun buɗe Adre, na wata uku.

Ba kowace yunwa ake sanya wa wannan mataki ba. Sai an tabbatar gida ɗaya cikin biyar ba shi da abin kai wa baka, kusan yaro ɗaya cikin uku ya rame da tamowa, sannan a kullum mutum biyu cikin kowane dubu goma suna mutuwa, ko da yunwar kanta ko da cutar da ta samu jiki ya riga ya yi laushi. Irin yunwar da kakanninmu ke raɗa wa suna ke nan, kamar Kakalaba ta 1914. Sai dai Kakalaba fari ta biyo. Ta Zamzam kuwa ta zo ne bayan an kori manomi daga gonarsa, an wawashe kasuwa, an tare hanya. Kuma ba a ɓoye take ba: tun watan Fabrairun shekarar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi shelar cewa duk bayan sa'a biyu yaro ɗaya na mutuwa a sansanin.

Mai karatu zai ce, to me ya hana Majalisar Ɗinkin Duniya yin kunnen uwar shegu da umarnin sojan da ko ƙafarsa ba ta taka wurin? Amsar tana cikin ginin Majalisar kanta. Taro ne na gwamnatoci, kuma ƙudurin da ta zartar a 1991 kan ayyukan jinƙai ya ce agaji na shiga ƙasa ne da yardar ƙasar. Gwamnatin Janar Abdel Fattah al-Burhan, wadda ta koma Port Sudan da zama bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, ita ke zaune a kujerar Sudan. Ita ke ba ma'aikatan agaji biza, ita ke da tashar jiragen ruwan da mafi yawan kayan ke sauka, hukumarta ta kula da agaji ke buga hatimi kafin mota ta tashi daga wannan jiha zuwa waccan. Idan Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta keta umarni a Adre, za a iya rufe mata ƙofa a Kassala da Gadarif da Omdurman, inda wasu miliyoyin ke jiran buhu. Gaba kura, baya sayaki. Wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu sun ci gaba da ratsa iyakar, amma ba su da ayarin motocin da zai ciyar da yanki mai girman Darfur.

A ɗaya ɓangaren abin ya fi muni. Dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, ba su tsaya ga takarda ba. Da suka kama Wad Madani a Disambar 2023 an fasa rumbun WFP an kwashe abincin da zai riƙe mutane kusan miliyan ɗaya da rabi har wata guda. Sun kafa tasu hukumar agajin, wadda ita ma ke neman a yi rajista a wurinta, sannan a kowane shinge direba sai ya saki kuɗi. Su ne kuma suka yi wa El Fasher ƙawanya. A El Geneina, ƙwararrun Majalisar sun ƙiyasta an kashe mutane tsakanin 10,000 da 15,000 a 2023, mafi yawansu 'yan ƙabilar Masalit.

Abin da nake son mu fahimta a nan shi ne, buhun agaji ba ya shiga fagen yaƙi a matsayin ɗan ba-ruwana. Daga ranar da ya iso bakin iyaka ya zama dukiya, kuma a ƙasar da kasuwa ta mutu, mai riƙe da ƙofa shi ne mai dukiyar. Yana iya buɗewa ga yankin da ke masa biyayya, ya rufe ga wanda yake son ladabtarwa, ya yanki kasonsa a hanya, ya kuma nuna wa duniya cewa shi ne hukuma tunda wurinsa ake zuwa neman izini.

Ba yau aka fara ba. A Sudan ɗin nan aka fara gwada wannan salo na shiga da abinci tsakiyar yaƙi bisa yardar masu faɗa. A 1988, ana cikin yaƙin Kudu da Arewa da ya ɓarke a 1983, yunwa ta kashe mutane kimanin 250,000, galibi a Bahr el Ghazal, bayan mahara a kan dawakai waɗanda gwamnati ta ɗaure wa gindi sun kore shanun 'yan ƙabilar Dinka sun ƙone ƙauyukansu. A Afrilun 1989 shugaban UNICEF na lokacin, James Grant, ya shawo kan gwamnatin Sadiƙ al-Mahdi da 'yan tawayen SPLA na John Garang suka yarda a buɗe hanyoyi. Aka raɗa wa shirin suna Operation Lifeline Sudan. Wani ɗan ƙauye a arewacin Kenya, Lokichogio, ya rikiɗe ya zama filin jirgin sama mai hada-hada, jiragen dakon kaya na tashi kullum su yi ƙasa-ƙasa su zubo buhuna a fili. An tsara shi a matsayin aikin 'yan watanni. Ya shekara 16.

Rayukan da ya ceta ba sa ƙirguwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma dubi yadda aka tafiyar da shi. Kowane wata sai an kai wa Khartum jerin wuraren da jirage za su sauka, ita kuma ta soke wanda ta ga dama. Mutanen tsaunukan Nuba sun shafe kusan shekara goma shirin bai isa gare su ba, saboda gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta ƙwace mulki a Yunin 1989, ta ce yankin ba ya cikin yarjejeniya. A farkon 1998, bayan faɗan da aka gwabza a garin Wau, gwamnati ta hana jirage shiga Bahr el Ghazal na kusan wata biyu, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Mutane kimanin 70,000 suka mutu a yunwar shekarar. Su ma 'yan tawaye ba kanwar lasa ba ne: reshensu na agaji ke raba kayan a yankunansu, kuma soja na da kasonsa a cikin abin da kowane gida ya samu. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Inda jirgi ke sauke buhu nan jama'a ke taruwa, su baro gonakinsu da nisa. Inda jama'a suka taru da abinci kuma, nan mahara ke nufa.

Daga nan ne wasu ke cewa agaji ya tsawaita yaƙin, da an janye da an gaji an daina. Ban yarda da wannan ba. Tun daga 1999, da aka fara fitar da man fetur ta bututu zuwa Port Sudan, Khartum ta samu kuɗin sayen makamai da ya ninka duk abin da za ta tatsa a buhun dawa, su kuma 'yan tawaye suna da maƙwabtan da ke tsaya musu. Da an janye jirage da fararen hula ne kawai za su ƙara mutuwa. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne agajin ya sauke wa ɓangarorin biyu nauyin ciyar da mutanen da suke iƙirarin mulka, ya kuma ba manyan ƙasashe abin nunawa a duk lokacin da aka tambaye su me suke yi game da Sudan. Da lokacin sulhu ya zo, wasu abubuwa dabam ne suka kawo shi: tattaunawar ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, IGAD, ƙarƙashin Janar Lazaro Sumbeiywo na Kenya, matsin lambar Amurka bayan Satumbar 2001, yarjejeniyar Machakos ta 2002, da amincewa a raba kuɗin man Kudu gida biyu a kuma ba 'yan Kudu ƙuri'ar raba gardama. Ranar 9 ga Janairun 2005 aka sa hannu a Nairobi.

A Darfur al-Bashir ya fito fili ya nuna yadda yake kallon agaji. Ranar 4 ga Maris ɗin 2009 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi. Nan take ya kori ƙungiyoyin agaji na waje guda 13, ciki har da Oxfam da CARE da rassa biyu na MSF, ya rufe na cikin gida guda uku. Kotun tana can Hague, ba zai iya taɓa ta ba, sai ya huce a kan famfon ruwa da ɗakin shan magani na sansanonin 'yan gudun hijira. Mu a Najeriya muna da hannu a wannan babi. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Darfur a Mayun 2006, zamanin Obasanjo, bayan manyan ƙasashen da ke biyan kuɗin taron sun ƙosa sun gindaya wa'adi. Ɓangaren 'yan tawaye ɗaya ne kawai, na Minni Minnawi, ya sa hannu, sauran suka ƙi, faɗa ya ƙara rarrabuwa. A Satumbar 2007 aka kai wa sansanin dakarun Tarayyar Afirka hari a Haskanita, mafi yawan waɗanda aka kashe sojojinmu ne.

Duk wannan agajin gaggawa ne. Akwai wani nau'in da ya fi shi kuɗi ya kuma fi shi shiga siyasa, wato tallafi da lamunin da ake ba gwamnati da sunan raya ƙasa, kuma shi ne ya fi alaƙa da talaucin da yaƙi ke tsirowa a cikinsa. A farkon shekarun 1980 Sudan ta Ja'afar Numeiri ta fi kowace ƙasa a kudu da Sahara samun tallafin Amurka, saboda tana maƙwabtaka da Libiyar Gaddafi da Habashar Mengistu, ta kuma goyi bayan sulhun Masar da Isra'ila. Kafin nan an zuba lamuni, har da na Bankin Duniya, a manyan gonakin tarakta a Gadarif da Blue Nile da Kordofan ta Kudu. Aka yanka filaye aka ba attajiran birni da tsofaffin hafsoshi, ƙaramin manomi ya koma ɗan ƙwadago a ƙasar kakansa, burtalin makiyayi ya toshe. Duk wanda ya san abin da toshe burtali ke haifarwa a ƙasar Hausa ba ya buƙatar ƙarin bayani. Da fari ya afka wa Darfur da Kordofan a 1984, Numeiri ya daɗe yana musun akwai yunwa. Dawar da Amurka ta aiko daga baya mutanen Darfur suka raɗa mata suna "Reagan". Numeiri ya faɗi a Afrilun 1985 bayan zanga-zangar tsadar burodi, ya bar bashi. Bashin ya yi ta haihuwa har ya haura dala biliyan 50, mafi yawansa kuɗin ruwa da tarar rashin biya.

Wurin da raina ya fi ɓaci a wannan tarihi shi ne tsakanin 2019 da 2021, don a nan ne kuɗin waje zai iya sayen zaman lafiya da araha. Matasan da suka fara zanga-zanga a Atbara a Disambar 2018, bayan kuɗin burodi ya ninka uku, sun kayar da al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019. Cikin kwanaki kaɗan Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka yi alƙawarin dala biliyan 3, a lokacin da majalisar soja ce ke riƙe da ƙasar, Burhan na shugaba Hemeti na mataimaki. Gwamnatin farar hula ta Abdalla Hamdok kuwa, da ta zo a Agusta, sai da ta bi layi. Ta jira har Disambar 2020 kafin Amurka ta cire Sudan daga jerin ƙasashe masu ɗaukar nauyin ta'addanci, bayan ta biya diyyar dala miliyan 335 ta kuma amince da ƙulla hulɗa da Isra'ila. Ta cire tallafin mai, ta karya darajar fam, kuɗin ƙasar, kamar yadda masu ba da lamuni suka gindaya. A tsakiyar 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Abin da aka tanadar wa talaka don rage raɗaɗi shi ne dala biyar a wata ga kowane mutum, shi ma bai gama isa ga jama'a ba. Farar hula suka ɗauki baƙin jinin tsadar rayuwa, kamfanonin soja da na RSF kuwa ba wanda ya taɓa su. Ranar 25 ga Oktoban 2021 janar-janar ɗin biyu suka yi juyin mulki. Amurka ta dakatar da dala miliyan 700, Bankin Duniya ya tsayar da nasa, shirin yafe bashi ya tsaya cik. Bayan wata 18 mutanen biyu suka juya wa juna bindiga.

Dakatar da tallafin bai girgiza su ba saboda ba da shi suke rayuwa ba. Zinare ne jarinsu. Tun 2017 Hemeti ya ƙwace ma'adinan Jebel Amer a Darfur ta Arewa daga hannun Musa Hilal, madugun mayaƙan Janjawid, kamfanin iyalinsa Al-Junaid ya zama babban dillali, ga kuɗin da ya samu na tura mayaƙa Yaman. Soja kuma na da nasa ma'adinan a arewa da gabas. A 2024, ana tsakiyar yaƙi, hukumomin Sudan sun ce an haƙo zinare fiye da tan 60, ban da wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa. Kasuwar da mafi yawansa ke ƙarewa ita ce Dubai. A Janairun 2024 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce zargin da ake wa Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass a Chadi abin kamawa ne. Daular ta musanta, ta ce asibiti ta gina a can. Sudan ta kai ta Kotun Duniya a Maris ɗin 2025, kotun ta ce ba ta da hurumi. Shi ma soja ba shi kaɗai yake ba: Masar na bayansa, jirage marasa matuƙa sun zo masa daga Iran da Turkiyya.

Sai ka haɗa wannan da tarukan tara kuɗin agaji. A Faris, ranar cika shekara ɗaya da yaƙi, an yi alƙawarin fiye da yuro biliyan 2. A Landan, ranar cika shekara biyu, an watse ba tare da sanarwar bai ɗaya ba, saboda Masar da Saudiyya da Daular Larabawa sun kasa daidaitawa kan kalmomi. Ƙasashen da ake zargi da rura wutar suna zaune a teburin masu ba da agaji, kuma da gaske suna bayarwa. A 2025 Majalisar ta nemi dala biliyan 4.2 don kai ɗauki ga kusan miliyan 21 daga cikin mutane fiye da miliyan 30 da ke buƙatar taimako a cikin Sudan, ko rabi ba ta samu ba. Ni a ganina duk taron da zai ƙidaya buhunan dawa ya ƙi ƙidaya jiragen da ke sauka da makamai da waɗanda ke tashi da zinare, ihu ne bayan hari.

To wa ya ciyar da mutanen Khartum a watannin da ofisoshin ƙungiyoyin waje suka kwashe zuwa Port Sudan da Nairobi? 'Ya'yan unguwa ne. Kwamitocin matasan da suka shirya zanga-zangar 2019 su ne suka rikiɗe suka zama ɗakunan agajin gaggawa. Sudanawa na da al'adar da suke kira nafir, daidai da gayyarmu, kuma suna da takiyya, wurin da ake dafa abinci a zawiyar shehi a ba duk wanda ya zo. A kan waɗannan biyu aka gina aikin. A farfajiyar makaranta ko masallaci ake kafa murhu, a ɗora manyan tukwane tun asuba, wake ko adas (wani ɗan ƙaramin wake) ko shinkafa. Mata da yara su jera robobi da kwanuka a ƙasa, kowa ya san nasa, a zuba gwargwadon yawan mutanen gida. Ga gidaje da yawa wannan ludayin shi ne abincin yini. Kuɗin kuwa ɗan'uwa ne a Riyad ko Alƙahira ko Landan ke turowa ta manhajar banki ta Bankak, a sayi hatsi a hannun ɗan kasuwar da ya san hanyar ratsa shingaye. Da aka katse layukan waya a Fabrairun 2024, tukwane da yawa sun sauka, har sai da aka koma biyan kuɗin sa'a a wuraren da ke da na'urar Starlink.

Waɗannan matasa ba su da motar sulke, ba su da tutar da za ta kare su. Soja na kama su da zargin yi wa RSF aiki, RSF na kama su da zargin yi wa soja leƙen asiri, an kashe da dama. Ba su jira hatimin kowa ba, shi ya sa suka isa lungunan da ayarin Majalisar bai taɓa isa ba. Amma da aka zo batun kuɗi sai ƙa'idar manyan masu bayarwa ta tare su: ina takardar rajista, ina asusun ƙungiya, ina rahoton mai binciken kuɗi. Tun 2016, a taron Istanbul, aka yi alƙawarin cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin agajin duniya zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Har yau ba a kai ko kusa ba.

Ɗan abin da ya fara isa gare su, kaso mai tsoka daga hukumar USAID ta Amurka ya fito. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin waje na kwana 90, kafin tsakiyar shekara an rushe hukumar baki ɗaya. Cikin 'yan makonni masu gudanar da takiyyoyin suka ce kusan takwas cikin kowane goma sun rufe, fiye da guda dubu. Ga masu cewa agajin waje ba shi da amfani, a daina kawai, wannan shi ne abin da dainawar ta haifar a ƙasa. Duk sukar da na yi wa tsarin a sama ina nan a kanta, amma yankan bai faɗa kan ofishin da ke cin rabin kuɗi a albashi da haya kaɗai ba, ya faɗa kan tukunyar adas. Ba a ji harsashi ya yanke wa ko ɗaya daga cikin janar-janar ɗin ba a wannan wata.

Bai kamata Bahaushe ya karanta labarin Sudan kamar na wata duniya ba. Hanyar Hajji ta ƙasa ta nan ta bi, kuma da yawa daga cikin masu niyya a nan suka yada zango har suka yi jikoki. Garin Mai Wurno a bakin Blue Nile, kusa da Sennar, Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Hannun 'yan'uwanmu ya tsinci audugar Gezira, suna nan a Kassala da Gadarif da Damazin. Tun kafin wannan yaƙi, rikicin ƙasa a jihar Blue Nile a 2022 ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da yawa a ciki. A tsakiyar 2024 RSF ta shiga jihar Sennar ta kama Singa. A cikin mutane fiye da miliyan 12 da yaƙin ya raba da gidajensu akwai masu jin harshen da nake rubutu da shi.

A Satumbar 2025 Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa suka fito da shawarar tsagaita wuta na wata uku don a shigar da agaji. Su ne dai masu iya ɗaga waya a saurare su a ɓangarorin biyu. A lokacin El Fasher ta shafe wata 16 cikin ƙawanya. RSF ta tada ganuwar ƙasa ta zagaye birnin, mutane kimanin 260,000 suna ciki, rabinsu yara. Sansanin Zamzam dama an riga an tarwatsa shi tun Afrilu, aka kashe aƙalla ma'aikata tara na asibitin ƙungiyar Relief International, dubban ɗaruruwa suka watsu. A Yuni an kai wa ayarin motoci 15 na WFP da UNICEF hari a Al Koma suna hanyar birnin, mutum biyar suka mutu, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi. Takiyyoyin cikin gari, da hatsi ya ƙare, suka koma dafa ambaz, wato tunkuzar gyaɗa da ke ragewa bayan an matse mai, wadda a da dabbobi ake ba. Daga baya ita ma ta yi tsada.

Ranar 26 ga Oktoban 2025 birnin ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe mutane fiye da 460 a asibitin haihuwa na birnin da ake kira Asibitin Saudiyya kaɗai. A Tawila, kimanin kilomita 60 yamma da birnin, ma'aikatan agaji sun kafa tantuna sun tanadi ruwa da magani suna jiran ambaliyar masu gudu. Waɗanda suka iso a ƙafa, galibi mata da yara da tsofaffi, ba su kai ko kusa da adadin da aka yi tsammani ba.